Shingen da Cirilo ya bari

Mahaifina Cirilo ba ya dasa ƙyarana
ranar da ya sare ta.
Sai ya jingine sassan a inuwar rumbun masara,
kwana goma sha biyu, wani sa'in sha biyar,
ya ce, "A bar bakin sarar ya bushe tukuna.
Abin da aka binne da ɗanyen miki, ruɓewa yake yi."

Daga nan igiya, daga nan diga,
rami iya kamu ɗaya, ba ƙari.
Ni ke riƙe su da tsumman buhu,
shi yana take ƙasa da diddige,
kafaɗa da kafaɗa, ko ɗan tsako ba zai ratsa ba.
Wuri guda kawai ya bari, faɗin tafin hannu,
wajen gidan tsohuwa Eufrosina,
inda gishiri ke fita, barkono ya shigo,
labarin kasuwar Tlacolula ya bi bayansu.

Ba mu taɓa ba su ruwa ba.
Awakin Melitón sun gwada sau ɗaya.
Inna kan yanki ɗan tsoka daga gefen kudu
ta wanke kai da shi, wai furfura ta jira.
Furfura ba ta jira ba.

Shekarar da muka binne shi,
yayana Nabor ya aiko kuɗi daga Arewa
da saƙo: a yi katangar bulo irin ta mutane.
Magina suka tumɓuke gefen hanya kakaf,
talatin da bakwai, na ƙirga,
suka jibge su a bayan gida kamar itacen girki.
Ban ce uffan ba. Guminsa ne.

Katangar ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba.
Amma da azahar tana tofo zafi,
kuma ɗan tsuntsun nan mai dogon baki
da ke shawagi a kan jajayen furanni
ya zo, ya duba siminti, ya wuce.

Sai ƙasa ta girgiza wata safiyar Talata.
Tukwane suka faɗo, karnuka suka ruɗe,
katanga ta tsage daga sama har gindi
ta kwanta a hanya.
Sauran gefe uku suka yi rangaji kaɗan
kamar mata a layin niƙa,
suka koma tsayuwarsu.

Da yamma na zaga bayan gida neman itace.
Waɗanda aka jibge, wata bakwai a yashe,
bakin kowanne ya bushe, ya yi fari,
wasu ma sun lanƙwasa kai suna neman rana.

Na ɗauko igiya. Digar tana inda ya aje ta.
Eufrosina ta leƙo ta kafar nan ta ce,
"Hermelinda, kin samo tsumma?
Ƙayarsu gajera ce, amma tana shiga."