Gwangwanin Nafi'u

A Hull aka haife shi, ana tsuga ruwa,
bai taɓa taka wata ƙasa ba sai wannan.
Inda nake ce wa gida, shi ƙasar waje yake cewa.
Mukan yi dariya, tawa dai ba ta kai ciki.

Shekararsa sha bakwai. Juma'a da Asabar
yana suyar kifi da dankali a wani shago kusa da tashar jirgin ruwa,
ya dawo sha ɗayan dare yana warin mai,
ya sauko da gwangwanin biskit daga saman kabad,
ya jefa fam ashirin, wani satin sha biyar.
A murfin ya rubuta MALUMFASHI da biro,
ya manta harafi ɗaya, daga baya ya cusa shi a sama.

Da rani abokansa suka tafi Sifen.
Ya kalli hotunansu, ya kife wayar,
ya ce, "Umma, da sauran tuwo?"

Cikin Nuwamba injin ɗumama gida ya mutu.
Kwana uku muna barci da rigunan sanyi.
Rana ta huɗu na tarar da gwangwanin a tebur, a buɗe.
Bai ce komai ba. Ni kuwa bakina ya yi nauyi.
Fam ɗari uku da arba'in suka bi mai gyara.
A daren na ji tsaba biyu sun faɗa ciki,
gwangwanin da ba komai ya fi ƙara.

Ran Lahadi kakarsa ke kira:
"Yaushe za ka zo in ga tsawonka?
Ɗan akuyar da na ajiye maka har ya yi jikoki."
Ya amsa da Hausarsa mai ɗingishi,
"Saura kaɗan, Iya."

Makon jiya fasfo ya iso, shafukansa fari fat,
ya shinshina shi kamar sabon burodi.
Kuɗin tikiti ya sake tashi.
Ya zauna a ƙasa ya ƙirga, ya sake ƙirgawa,
saura ɗari biyu da sittin.

Ban gaya masa ba, duk Talata in ya tafi makaranta
ina saka fam biyar.
Shi ma bai gaya mini ba
cewa lissafinsa ya daina fitowa daidai.

Yau ma ruwa ake yi.
Ya ja zif har wuya, ya ce sai ya dawo.