Faɗin Yatsu Biyu

A Pijao, inda hanya ke hawan dutse kamar akuya,
jif ɗin Baba ta yi shiru wata Talata,
da buhu tara na gahawa a bayanta
da nonon ayaba a kan bonet.
Ta yi tari sau biyu, ta tofar da baƙin mai, shi ke nan.
Shekara saba'in ai ba kwana saba'in ba ce.

Terca yake ce mata, mai taurin kai ke nan a bakinmu.
Ta girme ni, ta girmi yayana.
Ita ta kai Inna asibiti daren da aka haife ni,
ita kuma ta dawo da ita cikin akwati
bayan damina talatin da ɗaya.

Na samo inji a Calarcá, mai shan gas,
daga cikin wata a-kori-kura da ta gangara kwazazzabo.
Ni da Ovidio mai walda muka rataye shi da sarƙa,
muka zura shi sannu, kamar guga a tsohuwar rijiya.
Ya ƙi zama.
Ƙafafunsa ba su san mazaunin na da ba,
cikinsa na gogar ƙarfen tayoyin gaba,
fanka kuwa ta miƙo baki
har inda lagireto zai tsaya.

Na yanka kwali na auna, na sake aunawa,
na zagi kwalin, na kuma aunawa.
Abin da nake nema faɗin yatsu biyu ne kacal.
Yatsu biyu!
Ga dutse mai cin rabin yini yana jiranmu,
abin da ya tare mu bai kai kan sifana ba.

Na ce, Baba, sai an yanke ƙarfen goshinta an matsar gaba.
Ya ce, Nubia, a bar kaza cikin gashinta.
Ƙarfen nan ya janyo motar limamin coci daga laka,
ya kara da bijimin Evelio, bijimin ne ya ji jiki,
yau ke ce za ki sa masa zarto?

Kwana huɗu bai leƙo gareji ba.
Da asuba ina jin cokali na kaɗawa a hannunsa,
hannun da yanzu ba ya kai kofi baki sai ya zube.

Ran na biyar ya shigo, bai ce da ni uffan ba.
Ya zare alli daga bayan kunnena,
ya durƙusa, gwiwoyi na ƙara,
ya ja layi ɗoɗar kamar an ɗaura zare.
Nan, in ji shi. Kada ki wuce nan.
Da zarto ya fara kuka sai ya juya yana kallon hazo.

Ovidio ya watsa tartsatsi har dare.
Tiyon sama na tarakta ne,
na ƙasa guda biyu muka haɗa da guntun bututu.
Fanka ta juya, ta wuce, ba ta taɓa komai ba;
tsakaninta da lagireto, yatsuna biyu cif.

Lahadi muka ɗauki hanyar gona.
Idona na kan allurar zafi, nasa a rufe,
kunne kawai ya saki.
Allura ta hau tsakiya ta yi zamanta.
A kwanar da tsohon inji kan tsaya neman ruwa
Terca ta wuce ko waiwaye babu.

Can a ƙoli ya ce, wannan ba muryarta ba ce.
Na yi shiru.
Ya zaro guntun ƙarfen nan daga aljihu,
ya jujjuya shi, ya mayar.
Ya ce, amma ta san hanya.
Sa mata giya ta biyu, gangaren nan ba ya son gaggawa.