Mai Mabuɗin Labo

Shekara goma sha tara ina riƙe da mabuɗin labo
a lise ɗin Tawa, can bayan Wadata.
Ba ni da takarda, sai guga da soso,
sai yatsu uku da suka rine kamar na maciyin goro
alhali goro bai taɓa burge ni ba.

A ƙuryar kabad, bayan ma'aunin da ya karye,
akwai wata kwalba mai ruwan ƙasa.
Mutanen Kano aidin suke ce masa, mu nan iyodi.
Ƙwayoyi ne baƙaƙe masu walƙiya,
kai ka ce tozalin da ba a niƙa ba.

Ran Talata Mushe Nomau ya jefa uku a tulun gilashi,
ya aza bisa 'yar wuta, ya rufe da kofin ruwan sanyi.
Man shanu in ya ji wuta narkewa yake, kitse ma haka.
Wannan bai tsaya zama ruwa ba,
tashi ya yi, hayaƙi mai launin albasar Galmi,
ya cika tulu yana juyi,
ya koma ya lafe a gindin kofi, tsinke-tsinke,
shi ɗin dai, bai sake suna ba.
Yara arba'in da shida suka yi tsit.
Tankari, wanda ko huɗuba ba ta rufe masa baki,
ya ce, "Mushe, wanga ai aljani na!"
Mushe ya ce, "Buɗe taga, kada ka shaƙa."

Mai girman kai ne, ba ya shiga ruwa shi kaɗai,
sai an haɗa shi da gishirin danginsu ya ja shi ciki.
Daga nan kuma ba ya rufa wa kowa asiri.
Ɗigo guda bisa yankan rogo: shuɗi, har ya yi baƙi
kamar zanen da ya kwana a marina.
Bisa sukari, ko gezau.
Bisa tuwon jiya, baƙi wuluk.

Sahiya ta kawo nono a 'yar roba daga kasuwar Lahadi.
Aka ɗiga. Fari ya koma baba.
Aji ya ɗauki ihu, an kama mai zuba gari!
Ita ba ta yi dariya ba.
Ni kaɗai na san ƙwaryar gwaggonta ce,
da shanunta biyu da suka rage bara.
Mushe ya dube ta, ya yanka lemun tsami ya matsa,
shuɗin ya dushe, nono ya koma fari tas.
Ya ce, "Launi ya tafi, gari yana nan.
Ku rubuta dalili." Bai ƙara ko kalma ba.

Innata Gomma maƙoƙo gare ta, kamar ƙaramin duma.
Da lulluɓi take rufe shi ko cikin zafin Afrilu.
Wasu suka ce baƙin ciki ta haɗiye, wasu suka ce jifa ne.
Sai a nan, ina wankin kwalabe, na ji Mushe na faɗi:
abin da wuya ke nema daga haihuwa har kushewa
bai cika cokalin shayi ba.
Cokali guda, Inna.
Na bar famfo yana ta zuba.

Da aka tashi, na danna babban yatsana kan farar takarda,
babu tawada, babu komai,
na sa ta cikin tulun, na rufe, na jira.
A hankali zane ya fito, kewaye cikin kewaye,
ruwan ƙasa, har da tabon wuƙar yankan albasa.
Sa hannuna ke nan, wanda nake karɓar albashi da shi.

Kafin asuba zai ɓace, na sani.
Na kulle ƙofa, na jijjiga kwado sau biyu.