Aron Ƙafafu

Shekara arba'in ina sassaƙa jirgin ruwa a Dalcahue,
hannun nan bai taɓa kuskure kan ƙusa ba.
Yau ko shayi na ɗauka, rabi ke isa baki,
rabi rigata ta shanye.
Likita ya raɗa wa abin suna mai tsawo.
Ni dai na ce masa, rawa ce ta zo ba ganga.

Hotunana kuwa, kada ka tambaya.
Cocin katako ya fito kamar mai jin sanyi,
fitilun gaɓa suka koma tsutsotsi,
kwalekwale ɗaya ya haifi tagwaye.

Sai jikata Rayen ta sauko daga motar Castro
da wani dogon abu, kamar laimar da aka tuɓe wa riga.
Ta ce, "Kaka, ga aron ƙafafu."
Na ce ƙafafuna ƙalau, hannu ne ya yi tawaye.
Ta ce, "To, ƙafa uku za su riƙe maka."

Ranar farko kokawa muka yi, ni da shi,
kamar mai ɓamɓarar ƙaguwa daga raga.
Ya datse mini yatsa,
na zage shi, na haɗa da maƙerinsa.
Rayen na dariya har da riƙe ciki:
"Fara zaro masu kaurin, sirara su biyo baya.
Ƙafa ɗaya ta dubi inda kake duba,
kai ka shiga tsakanin biyun."

A wuyansa akwai ɗan kumfa cikin koren ruwa,
bai fi idon kifi ba.
Ai na san shi!
Da yayansa nake daidaita ƙashin bayan jirgi.
Ya ce hagu ta yi ƙasa. Na ɗaga.
Ya ce ka zarce, tsoho.

Lakar bakin teku ba ta da amana.
Tana haɗiyar ƙafa ɗaya a ɓoye,
hoto ya fito teku na tsiyaya ta kusurwa.
Na koma rumfata na yanko allo uku,
na yi wa kowace ƙafa takalmi.
Gidajenmu ma a kan ƙafafu suke tsaye cikin ruwa,
wa zai koya mini wannan?

Iskar kudu ta taso tana girgiza shi,
Rayen ta ce a rataya jaka a ƙugiyar tsakiya.
Ba ni da jaka.
Na rataya masa rabin buhun dankali,
ya natsu kamar baƙon da ya ƙoshi.

Duk wannan mai sauƙi ne.
Darasi mai ɗaci shi ne na ƙarshe:
"Danna, ka janye hannunka.
Kada ka taɓa. Ko numfashi kada ka jingina masa."
Hannun da ya ciyar da gida,
yau an ce taimakonsa shi ne ya kauce.
Na cusa su cikin aljihu,
suna ta rawarsu can cikin duhu, ba mai kallo.

Magariba, ruwa ya cika.
Muka bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa talatin.
Ban san daƙiƙa talatin na da tsawo haka ba.
Kare ya yi haushi a tsallake,
wani ya rufe taga.
Ƙyas.

Teku ya kwanta sumul kamar madara a ƙwarya.
Hasumiyar coci tsaye ƙyam, ana ƙirga allunanta.
Turakun gidaje, igiyar shanya, duk ras.
Sai jirgi ɗaya a tsakiya,
wanda na sassaƙa shekarar da Nelida ta rasu,
na rubuta sunanta a ƙirjinsa.
Shi kaɗai ya fito dishi-dishi.

Rayen ta ce, "Kash, ya motsa. Mu sake."
Na ce bar shi, yarinya, naɗe ƙafafun.
Wannan rawar ba tawa ba ce.