Kwalba ta Goma Sha Ɗaya

Da jijjifi na sauka Kwalkwalawa,
kwalabe a jaka, da rariya
wadda ta fi ta tatar koko ƙanƙantar ido.
Rima ta janye ƙafarta,
ta bar kududdufai nan da can
kamar faifayen da aka manta a shanya.

Baba Jabbi na ɗinkin koma a inuwar kwalekwale.
"Ɗiyata, mi kika kamu da abin tace kunu?"
Na ɗaga masa kwalbar a hasken rana.
Ya duba, ya ƙanƙance ido.
"Ruwa na," in ji shi. "Ruwa da dauɗa."

A ɗakin gwaji na Dundaye
na ɗiga ɗigo guda ƙarƙashin madubi,
sai dauɗar ta buɗe ido:
ido ɗaya, baƙi wuluk,
hannu biyu masu gashi suna ta tuƙi,
zuciya na bugawa a fili cikin jiki garau,
ga ƙwai uku a goye.
Ƙumar ruwa.
Littafin nan da gara ta cinye wa bango
ya ba ta suna guda, ya rufe zance.

Wata huɗu ina awon goshi da jela.
Ta Kware, ta Lugu, ta Kwalkwalawa,
duk tamkar an tsaga kara.
Aska ba ta taɓa kuncinsu ba
balle in ce wannan Bagobira ce, waccan Bakaba.

Sai na bar fuska na nemi ciki.
Na niƙe guda a gindin bututu,
na ce mata yi haƙuri, ba wanda ya ji.
Injin ya ɗau zafi, ya huce, ya sake ɗauka,
sau talatin da biyar,
yana kwafar layi ɗaya
daga wasiƙar da uwa ke bar wa 'ya a tsoka.
Sau biyu aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki.
Nomau mai gadi ya hau babur
ya sayo min ƙanƙara wajen masu zoɓo,
yana ta mitar cewa shi bai ga abin da ake jinya ba.

Amsa ta zo ran Talata, bayan la'asar.
Baƙaƙe huɗu kacal, ana ta jujjuya su,
ɗari shida da 'yan kai.
Na jera su layi bisa layi kamar kunyar albasa,
na bi da bakin biro.
Ta Kware da ta Lugu sun rabu tun kafin a haƙa rijiyar farko a garin nan.
Ta Kwalkwalawa kuwa,
na tambayi rumbun da duniya ke tara irin waɗannan layuka,
ya ce bai san ta ba.

Kama da wane ba ta wane.
Kakata kan faɗe shi in an nuna mata atamfa a kasuwa.
Ban zaci zan ji muryarta a nan ba,
tsakanin firiji da warin sinadari.

Na koma da bazara.
Injin ban-ruwa ya shanye kududdufin tas,
albasa ta yi kore shar a gefensa,
laka ta tsage kamar diddigen manomi.
Ban ga laifin mai albasa ba,
tana cikin miyata ta jiya.
Na durƙusa na ɗebi busasshiyar ƙasa cikin leda,
don irinsu kan bar ƙwai yana barci
har sama ta tuna da su.

Baba Jabbi ya ji labari, ya ajiye zare.
"Ashe baƙuwa munka yi shekaru muna takawa.
To yaushe a suna?"
Na ce sai an rubuta, an aika, an jira,
wataƙila shekara biyu.
Ya yi dariya har da tari.
"Mu kwana bakwai muka yi mu yanka rago."

Yanzu tana kan kanta, bayan tulin takardu,
kwalba ta goma sha ɗaya,
da lambar da na rubuta da fensir.
Ƙasar kuma na zuba mata ruwa daren jiya a kofin shayina.
Yau da safe wani abu ya motsa.