Teburi Ɗaya a Valparaíso

Matakala ɗari da goma sha bakwai
daga titi zuwa ƙofarmu.
Eliseo ya ƙirga su ranar da muka tare,
da katifa a ka, yana haki.
Ni ban ƙirga ba, gwiwata ta haddace su.

Ɗakin ɗaya ne, tagar ɗaya,
ta nan teku ke leƙo mu
tsakanin rufin kwano biyu masu tsatsa.
Teburin ma ɗaya. Nan gizo ke saƙa.

Da asuba nawa ne:
ina haddar ƙasusuwan hannu,
ashirin da bakwai, kowanne da sunansa,
shayi na hucewa a kan shafi na tamanin.
Ƙarfe bakwai in kwashe, ya zama na burodi.
Da yamma na lissafinsa ne,
injin jirgin ruwa a kan takarda,
yana cizon fensir
kamar fensirin ne ya kayar da shi bara.
Dare kuwa, in an samu sarari, na tsohuwar rediyo.

A kasuwar tsofaffin kaya ya sayo ta,
bebiya, wata bakwai ba ta ce uffan ba.
Ya feɗe ta, hanji a waje,
ƙananan kusoshi cikin murfin kwalba.
Na taɓa tsintar ɗaya a miyar wake.
Na ajiye masa a gefen faranti, ban tanka ba,
shi ma bai tanka ba
ranar da tumatirina na gwangwani
ya ɗigar da ruwa kan aikin da zai miƙa Litinin.

Mun manna jadawali a jikin firji:
wanke-wanke, shara, cefane, wanki.
Kwana tara ya yi a kan mulki.
Yanzu wanda jarrabawarsa ta fi nisa
shi ke da tukunya.
Mahaifiyarsa kan bugo waya ran Lahadi:
kuna dai cin abinci ko?
Muna ci, in ji shi, yana hararar taliyar jiya.

Akwai daren da na yi kuka kan kuɗin haya.
Ya miƙo hannu, na ture,
can kuma na janyo hannun na hau bita:
wannan ƙashin, da wannan, da wannan.
Ya ce, malama, bi a hankali,
da shi zan wanke kofuna.

Talatar nan, saura kwana biyu jarrabawata,
ƙasa ta motsa kamar yadda ta saba a garin nan,
ba da fushi ba, gyara kwanciya kawai.
Cokula suka yi ƙara, karnukan tudu suka ɗauka.
Na rungumi gwangwanin tumatir,
shi ya danne teburi da ƙirji.
Sai tsit.
Cikin shirun sai ga murya, siririya, a dishe,
tana faɗin yanayin teku na gobe:
iska daga kudu, masunta su kula.

Bebiya ce.
Wayar da ya yi wata bakwai yana lalube
ta faɗa mazauninta da kanta.

Muka yi ta dariya
har Doña Ercilia ta buga bango da tsintsiya.
Ya ce shi ya gyara. Na ce ƙasa ce.
Har yau ba a raba gardamar ba.

Na koma kan ƙasusuwana.
Ya ture kusoshi gefe da bayan hannu,
ya ƙara mini taƙi ɗaya na teburi, ko da ɗan ɗoriya.
Tukunya na jiƙe tun jiya,
kowa ya yi kamar bai gan ta ba.
Rediyo na ta ba masunta shawara,
mu da ko kwale-kwale ba mu da shi,
mun kasa kunne.