Mai Gadin Igiyar Teku

Ga ta nan, amma ba ta nanku ba ce, tawa ce.

Shekarar da teku ta gama haɗiye Obalende,
danfo suka koyi iyo,
kwandasta na kiran Oshodi daga bakin kwalekwale,
ni Barira 'yar Agege ina da rumfa a ƙarƙashin Gada ta Uku,
ina gyaran zukatan inji.
Dalma, sukurdireba, fitila ɗaure a goshi,
yatsuna kullum ƙaurin wayar da ta ƙone.

Daren wata Laraba ruwa ya ja baya kamar mai jin nauyi,
sai ga mutum zaune kan matakalata,
gashinsa gansakuka, fatarsa tagullar da ta sha gishiri.
Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa, ban leƙa ba.
Ya ce, "An ce ba kya tambayar inda kaya ya fito."
Na ce, "Kuɗina kawai nake tambaya."

Ya buɗe ƙirjinsa kamar murfin samira.
Wata 'yar na'ura ce a ciki mai shuɗin haske,
ta buga biyu, ta huta, ta buga ɗaya.
Kakanninsa suka ƙera ta da ƙarfen tauraron da ya faɗo
tun ba a raɗa wa Eko suna ba.

Aikinsa gadin igiyar da ke kwance a ƙasan teku,
wadda muryoyin duniya ke bi su ƙetare.
Shekara ɗari suna wuce shi ta gefen kunne:
ka ci abinci? na yi kewarki, turo ko dubu biyu ce.
Ko ɗaya ba shi aka aiko wa ba.
Na haska fitila, na duba da kyau.
Tsatsar nan ba ta gishiri ba ce.

Dare uku teku ta ara masa numfashi.

Na farko na kankare, yana ba ni labarin
kifayen da suka tare a manyan motocin Lekki.
Na biyu na sayo masa tsire wurin Malam Ilu,
yaji ya sa shi hawaye,
hawayen suka gangaro kan katako suna ƙara, lu'ulu'u ne,
biyu daga ciki sun biya mini hayar shekara.
Ya yi dariya, na ji wani sukuru ya kwance a jikina.

Na uku aka ɗauke wuta.

Eko ke nan. Ana kai fasinja duniyar wata daga Ikeja,
amma wuta sai ta ga dama.
Na ja janareta har kafaɗa ta sage.
Shuɗin ya koma toka-toka.
Ya ce, "Bari, kin yi ƙoƙari."
Ban son kalmar nan.

Akwai batirin da likita ya dasa mini a ƙirji ina shekara tara,
don zuciyata ma raguwa ce.
Na ɗauko waya biyu, ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi,
yadda ake tayar da motar da ta kwana cikin damina.
Na ce Bismillah.
Gadar ta yi haske tun daga Oworo har tsibiri.

Kafin kiran assalatu ya koma.
Bai biya kuɗin gyara ba, ni ma ban tuna masa ba.

Yanzu in na hau bene da sauri,
can ƙasa wani yana haki.
In babban kifi ya gifta shi,
sukurdireba ya suɓuce daga hannuna, kwastoma na kallona.
Kowane dare nakan ɗauki waya, ba na danna lamba,
in ce, "Ka ci abinci?"
in tura wa duk ƙasar da ta fi nisa,
don dole saƙon ya bi ta ƙofarsa.

Ƙurunƙus? Tukuna.
Garantin aikina shekara ɗaya ne,
kuma saura kwana goma sha ɗaya.
Na riga na yi magana da Malam Ilu
ya rage yaji.